Shafukan da Suka Ɓaci

Dala biyar ne shafi,
gaba da baya dala takwas, in na san ka.
Shagona na kallon hanyar jami'ar Tawa,
tsakanin mai faci da teburin Illa mai shayi.
Injina ya tsufa, sai ya yi tari kafin ya haihu,
takarda ta fito da ɗumi kamar masa daga tanda.

Littattafan sababbi ne, a mota suka zo daga Yamai,
ɗaya tak ga aji guda.
Shari'a, falsafa, ilimin halin ɗan Adam,
duk na kifa su rub da ciki a kan gilashi,
haske ya bi ta ƙarƙashinsu, ya je ya dawo.

Ni a katiryam na ajiye kaye.
Faransancina guntun mayafi ne,
in na ja ya rufe kai, ƙafa na waje.
Amma shafin da ya karkace,
ko wanda tawada ta yi wa tsage a fuska,
ba mai biyan kuɗinsa. Nawa ne.
Kwali guda na tara a ƙarƙashin tebur.

Wani ya cika shafi da tambaya ɗaya:
da me ka san cewa ka sani?
Na karanta wa Illa.
Ya ɗanɗana shayinsa, ya ce da harshe,
ya ƙara sukari.

Na tamanin da ɗaya zancen gona yake,
wai al'ada da doka rafi biyu ne,
kowane da mashigarsa.
Na tuna gawon da ke iyakarmu a Kalfu,
shi kaɗai ya ga ranar da aka raba.
Kawu ya sare shi da rani.
Me ake yi in an yi itacen wuta da shaida?
Ko littafin ya faɗa,
a shafin da bai ɓaci ba ya faɗa.

Sai ran Laraba, wata ɗaliba, Gaisha,
ta kawo mai koren bango.
Inji ya shaƙe, ya tauna ɗaya, na zaro shi a yamutse.
Na shafe shi da tafin hannu:
akwai rashin da ba shi da gawa,
ba wanka, ba likkafani, ba sadakar uku,
mai shi ya kasa kuka, ya kasa daina jira.

Shekara bakwai ke nan
da Mantau ya kira daga Agadas ya ce gobe za su shiga sahara.

Da dare na juya wa Inna shi da Hausa,
ina tuntuɓe, ina komawa baya.
Tana wanke kwanonsa, wanda ba mai ci a ciki.
Ba ta ɗaga kai ba.
Ta ce, wa ya kai masa labarina?
Can kuma ta ce, to sai ya ce a yi yaya?

Layin ƙarshe ya ce, abin da ke taimakon irin waɗannan shi ne
nan takarda ta ƙare.

Kwana biyu ina gadin hanya.
Da na ga Gaisha kan kabu-kabu na yi mata hannu.
Ta ce, wannan babin? Mushe ya ce ba ya cikin jarrabawa,
littafin ma yana wurin wani, sai Asabar.

Yau Asabar.
Ga shi a kife kan gilashi, shafi na ɗari da goma sha uku.
Na ciro dala biyar daga bakin zanena
na jefa a gwangwanin ciniki,
don kada wannan ma ya zama tsintuwa.
Na ɗora yatsa kan maɓalli, wuta ta ɗauke.

Illa na dariya daga waje.
Na ɗauko littafin, na zauna bakin ƙofa inda rana take,
na juyo da fuskarsa sama.