Rijiyar Sama

Kakana Mijinyawa rijiya yake haƙa.
Daga Tibiri har Madarunfa,
duk inda guga ya faɗa ya ce tunjum,
akwai sawun ƙafarsa a bangon.
Ni rodi nake ɗaurewa.
Waya, filaya,
da tafin hannun da ya daina jin ƙaya.

Ranar da Cima Nomau ta shimfiɗa zanenta
a kan gaban mota,
ta danne kusurwoyi da duwatsu,
Alhaji Jadi ya duƙa yana ƙirge:
hawa tara, to, madalla.
Sai yatsansa ya faɗa tsakiya,
inda ba layi, ba ɗaki, fari fat.
"Nan fa?"
"Nan ba komai."
"Filin da na saya da kuɗin aya,
ayar shekara goma sha ɗaya,
shi ne ba komai?
Shago arba'in kika zubar, yarinya."
Ta ce, "Alhaji, gidanka na Bagalam,
nawa tsakar gidan take biyanka haya?
Rufe ta, mu ga mai kwana."

Ashe ba komai ɗin ya fi komai cin ƙarfe.
Nauyi ɗan'uwan ruwa ne,
ƙasa yake nema, ba ya son kewaye.
In ka janye masa ginshiƙin tsakiya
sai ka lallashe shi,
ka bi da shi ta gefe, kafaɗa zuwa kafaɗa,
hawa ya miƙa wa na ƙasa da shi,
har ya tarad da tushe
can ƙarƙashin yashin garin nan mai santsin baki,
wanda ke ce maka zauna, yana zamewa.

Kowane hawa mun yi masa ɗamara,
zobe a bakin ramin,
rodi mai kaurin babban yatsana,
cunkushe har kankare na neman hanya.
Barandar hawa na bakwai ta leƙo
kamar harshe, ba abin da ke ƙarƙashinta.
Na ce, wannan me ya riƙe ta?
Cima ta miƙa hannunta ɗauke da buta:
"Me ya riƙe wannan?
Ƙarfin yana baya, inda ba a kallo."

Ta san zafin watan huɗu.
Ta ce ƙarfen rufi zai yi miƙa da azahar,
ya dunƙule da asuba,
a bar masa tazara, kar gilashi ya biya bashin.
Ta buɗe kafofi a can ƙoli
don iskar da ta gaji ta hau ta fice,
sabuwa ta shigo ta ƙofa, a sunkuye.
Ta lissafa guguwar farkon damina
tun ba hadari ko ɗaya a gabas.

Ran da za a cire tokare
ban karya kumallo ba.
Katako ɗaya, biyu, ɗari.
Kowa ya yi shiru yana sauraren siminti.
Bai ce uffan ba.

Na tsaya a gindi na ɗaga kai.
Kakana ya taɓa ce mini
daga ƙasan rijiya sama faifai ce,
kuma mahaƙi kaɗai ya san daɗinta.
Ga ta nan, tsoho.
Kai ka nutsa gaba talatin neman ruwa,
ni na hau neman haske,
ramin dai ɗaya ne.
Hantsi ya zuro igiyarsa,
hawa bayan hawa,
har ya taɓa mini takalmi.

Alhaji ya shigo da sandarsa.
Ya kalli sama, hularsa ta faɗi,
bai waiwaye ta ba.
Can ya yi gyaran murya,
muryar ta hau, ta dawo masa.
Na ɗauka shagunan zai sake ƙirgawa.
Sai ya ce wa yaronsa,
"Je ka mota ka ɗauko mini tabarma."