Takardar Akawal

A ƙasan adakar kakana Nomau, a Dungula,
na tsinci takardar ajami, gara ta ci gefenta.

Akawal, ingarma mai farar ƙafa ɗaya.
Sukuwa goma sha ɗaya a bakin Nilu:
tara ya ci, ɗaya ya sha ƙura,
ɗayar kuwa gara ta riga ni.

Da jijiya ta tsinke sai turke.
Ana jawo goɗiyoyi tun daga Barbar,
ladansa buhun dabino.
Dukushi arba'in da biyu,
kowanne da sunan uwarsa.

Kaka bai bar komai ba,
har kanwar da doki ya lasa.

Na juya takardar, na sake juyawa.
Babu ranar haihuwar ubana.
Babu sunan uwarsa.