Takalmin Kofur Labbo

Rumfata na gindin dogon yaro,
hannun hagu in ka fito Mabera.
Basilla, zare, gwangwanin gam,
shekara sha tara ina kallon ƙofar bariki.

Kofur Labbo ya zo da hantsi,
ya tuɓe takalmi, ya zauna a bencina,
babban yatsa na leƙen duniya ta hujin safa.
Karo na bakwai ke nan ina mai da wannan ɗinki.

Ya ce, "Malam, da kuɗina nis saye shi.
Ɗakinmu na yoyo, mu takwas cikinai.
In an kira mu ga ɓarayi, babu mai ga mota,
sai mai ƙara ya zuba muna, kana mu tashi aiki."

Na san takalmin nan.
Ran wata Laraba, a hanyar Illela,
Sahabi ɗan ƙanwata ya ɗauko albasa a mashin,
aka jefa katako mai ƙusa, ya taka birki.
Ɗari biyar aka ce. Ɗari biyu gare shi.
Har yau in ya yi tari sai ya dafe haƙarƙari,
shatin nan na kwance a jiki.
Beli kyauta ne, haka aka rubuta a bango;
uwarsa ta sayar da tunkiya kafin a buɗe ɗaki.

Shi ne dai kuma ya shiga ruwa bara
da gulbin Rima ya ci gidaje,
ya fito goye da tsohuwa, laka har gwiwa.
Ni na wanke shi, ban karɓi ko sisi ba.
Ƙafa guda, sawu biyu, abin mamaki.

An ce daga sama za a yi gyara,
an sake suna, an sake hula, an yi buki.
Ni dai baduku ne, ga iyakar sanina:
in ƙasan takalmi ya ruɓe
shafa mai ba ya hana shi shan ruwa.
Farke shi ake, a fidda matacciyar fata,
a zare ƙusar da ke sukar mai shi daga ciki.
A ba mutum abin da zai riƙe gida,
in ya taka ɗan wani kuma, a tuɓe mai kaki.

Na miƙa mai. Ya sa, ya buga ƙasa sau biyu.
"Nawa?" Na ce ɗari biyar.
Ya laluba aljihu. Ɗari biyu gare shi.
Na dube shi, na dubi takalmin,
na karɓa, na kame baki.