Mai Gyaran Laima a Kochi

Daminarsa talatin da ɗaya Kunjappan
a gindin baranda, daura da mashigar jirgin ruwa,
da filaya, da baƙin zare,
da gwangwani cike da haƙarƙarin ƙarfe.
In hadari ya taso daga teku
sai a yi ta kawo masa majinyata.

Ya ce laima ba ta san tsakar ɗaki ba.
Ita ke shan dukan sama,
kana ƙarƙashinta kana lissafin kuɗin kifi.
Kuna isa ka kakkaɓe ta kamar mai laifi,
ka jingine ta wajen takalma
tana ɗiga ita kaɗai.

Na ce: abin da bai da zaɓi,
ana ce masa mai kirki?
Ta rufe alƙali, ta rufe ɓarawo,
ba ta tambayi hannun wa ke riƙe da ita ba.
Ya ciji zare, ya tofar.
Ya ce: ban sani ba.
Na dai ga masu zaɓi
suna wuce tsohuwa a ruwa.

Ran Talata Saramma ta kawo ta marigayi mijinta.
Haƙarƙari uku sun karye, yadin ya koɗe.
Ya gaya mata gaskiya:
sabuwa rupi ɗari biyu ce a tsallaken titi,
gyaran wannan ya kusa haka.
Ta ce: gyara.

Ya juya mariƙin.
Katakon ya lotsa inda babban yatsa ke kwana,
sandar kuma ta karkace hagu,
ɓangaren da matar ke tafiya.
Shekara arba'in ke nan
kafaɗar dama ta wani mutum tana jiƙa
bai ce wa kowa ba.

Ya sauya haƙarƙarin, ya ɗinke yagar,
ya ɗiga mai a maɓalli.
Karkatar ce bai taɓa ba.
Ya ce akwai abin da miƙe shi
sata ne.

Da magariba ruwa ya ɓarke.
Laima tara a gabansa, duk sun warke,
babu tasa ko ɗaya.
Ya ɗaure su, ya ba mai shayi ajiya,
ya rufa leda a ka,
ya bi layin masu shiga jirgi.