Hulata a Bempton

Ƙarfe bakwai na tashi aikin dare,
warin maganin asibiti bai bar hannuna ba,
na tarar da Siyama a bakin ƙofa, har ta ɗaure takalmi:
"Baba, ka yi alkawari."
Alkawari kaya ne. Na sunkuya na ɗauka.

Jirgin ƙasa daga Hull, kusan awa guda.
Na yi gyangyaɗi har Bridlington,
ita tana ƙirga tumaki ta taga,
ta kai saba'in da huɗu, lissafi ya ƙwace mata.
A Bempton mu biyu muka sauka,
sai wata tsohuwa da karenta mai riga.

Daga tasha sai a ƙafa,
siririyar hanya tsakanin gonakin sha'ir,
babu teku, babu dalilin teku.
Hanci ne ya riga ido isa:
wari kamar an buɗe akurkin duniya gaba ɗaya.
Kunne ya biyo baya:
hayaniyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis,
kowa na ciniki, ba mai sauraron kowa.

Sai ƙasa ta ƙare.
Haka kawai.
Ciyawa, shingen katako, daga nan sai babu.
Na riƙe wuyan rigarta kafin na leƙa:
bangon farin alli ya miƙe daga ruwa,
ya fi benen asibitinmu sau nawa,
kuma ko tafin hannu ba a bari fili ba.
Kowace tsaga da mai ita,
kowane ɗan tudu an kama haya.

Wani dattijo mai sa-kai, Ellerby a rubuce a ƙirjinsa,
ya rage mata tsawon madubin hangen nesa.
Ta ɗora ido ta yi shiru, abin da ba ta saba ba.
"Baba, me ake ce wa wannan da Hausa?"

Na duba.
Ɗan dunƙule ne, baƙar riga, farin ƙirji,
baki ja da rawaya kamar an masa ado,
ƙafafu kamar ya taka manja,
ƙananan kifi biyar jere a bakinsa,
yana tsaye kamar mai jiran a biya shi bashi.

Na laluba.
Shamuwa, belbela, zalɓe, dinya, carki,
duk na kira su, suka zo, suka ce ba danginmu ba ne.
Shekara arba'in da shida da harshe a bakina,
yau ɗan tsuntsu ya ƙure ni.
Na ce, "Ba su taɓa haɗuwa da Hausa ba."
Ta ce, "To ai ga mu."

Muka zauna a benci da shayin filas
da dambun naman da Yaya Kande ta aiko,
muka yi taron suna ba rago.
Ɗan Kwalliya, in ji ni. Ta yatsina fuska.
Mai Jiran Canji. Ta yi dariya, shayi ya zube.
Manyan farare masu rawayan kai,
masu naɗe fiffike su soki ruwa kamar mashi,
su kam ba gardama: Sarkawa.

Ana cikin haka iska ta zo ba sallama,
ta cire hulata, wadda na zo da ita daga Gumel,
ta juya ta sau biyu a sama
ta ajiye can ƙasa, kan wani ɗan dandamali
inda ko akuya ba ta isa.
Ellerby ya leƙa ya girgiza kai:
da zare da tsumma, ya ce, duk sheƙa suke yi.

Da yamma a tasha kaina na sanyi.
Siyama ta jingina da ni, barci na fizgarta,
ta ce, "Mai Jiran Canji,"
a hankali, da karin harshen Hull,
don kar ta manta kafin gida.

Gobe da dare ina bakin aiki.
A bangon nan kuwa, kan tekun da bai san ni ba,
wata za ta kwanta kan ɗinkin Gumel
ta ɗumama ƙwanta guda.