Ranar Gwaji a Ƙofa ta Huɗu

Shekara goma sha ɗaya nake cikin wannan akurki,
kan titin da ya bar Semarang ya nufi gabas.
Da can kuɗi nake karɓa in miƙa canji.
Da kati ya zo, aikina ya koma kallo:
direba ya manna, na'ura ta yi tsuwa,
sanda mai ja da fari ta ɗaga kai.

Yanzu an gicciya ƙarfe a sama,
an jera masa idanu goma sha biyu.
An ce tsayawa ta ƙare,
lamba za a karanta, kuɗi su fita daga waya
kafin direba ya gama hamma.

Pak Hartoyo ya zo da baƙi daga Jakarta.
Suka ce, kun shirya?
Ya ce, tsaf.
Na ga yana share gumi a ƙeya.

Sai ruwa ya kece.
Ga motar Wagiman, lodin albasa daga Brebes,
laka ta shafe lambar, ba a raba bakwai da ɗaya.
Idanun sama suka duba, suka yi gum.
Ni tun daga lanƙwasa na gane shi,
da tarin injinsa,
da fitilar hagu da ta mutu tun bara.

Babu sanda a gabansa, amma ya taka birki.
Ya sauke gilashi, ya miƙo kati cikin ruwa
yana laluben inda zai manna.
Na baya suka cika duniya da hon.
Ya ce, Mbak Sulastri, wa zan biya?
Ɗana ne ya iya abin wayar nan,
shi kuma yana Batam.

Na yi masa hannu, ya wuce.
Baƙi suka rubuta wani abu.
Pak Hartoyo ya ce ai gwaji ne,
za a gyara kafin ƙaramar salla.

Da yamma na ga sandar jingine bayan ofis,
kusa da bokiti da tsintsiya.
An ce za a kai mu wani ɗaki mai sanyi
mu riƙa karanta lambobin da suka gagari na'ura.
Mu takwas ne.
Na leƙa ɗakin, kujera uku na ƙirga.

Na sayi shinkafa a ganyen ayaba, na ta da babur.
Kafaɗata ta dama, wadda ta saba leƙa taga,
har gida tana gaba da 'yar'uwarta.