Hannu na Huɗu

Sau uku ina tashin Ramlatu daga barci.
Ni na idar da Isha'i, na miƙe ƙafa a tabarma,
na ce bari in ji muryar auta.
Ita kuwa can Malesiya ƙarfe uku na dare:
"Baba, lafiya? Wa ya rasu?"
Babu wanda ya rasu, ɗiyata,
lissafi ne ya kuɓuce wa tsoho.

Shi ya kai ni shagon Mannir a Ƙofar Ƙaura,
ran Laraba, da na gama sai da riɗi,
ƙaiƙayi bai ma bar hannun rigata ba.
Madubi ko'ina, sanyin na'ura na sarar ƙeya.
Ya shimfiɗa ƙyallen karan-miski,
ya jera uku, ya ja da baya.

Na farko, birane sun kewaye fuskarsa
kamar 'yan suna sun kewaye akushi:
Landan, Dubai, Alƙahira,
da wasu da harshena ya ƙi ɗauka.
Na duba, na goge ido, na sake dubawa,
babu Katsina.
Na ce mai da shi.
Wanda bai san garinmu ba
ina zai san lokacinmu?

Na biyu zinariya ne, nauyi kamar ankwa.
In na ɗaura wannan na bi ta Sabon Layi
masu neman rance za su riga ni isa gida.

Na ukun baƙi ne, ba shi da surutu.
Lambobi ɓaro-ɓaro,
yadda idon shekara sittin da biyu
zai karanta ba tabarau.
Zoben bakinsa rabi shuɗi, rabi baƙi,
rana da dare sun raba gado ba alƙali.
Hannu uku irin na kowa,
sai na huɗu, ja, siriri, mai kan kibiya,
zagaye ɗaya yake yi, yini da kwana.

Mannir ya ce, "Malam Sada, na matuƙan jirgi ne.
Jan hannun nan gida yake tsare musu,
duk ƙasar da suka sauka,
su san ko yara sun kwanta."
Na ce ni tarakta ce iyakar samaniyata,
ko ita ma ta haya.
Su ke tafiya su bar gida,
ni gida ne ya tafi ya bar ni.

Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi kujera.
Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya dubi rufi.
Na sa takalmi har bakin ƙofa,
na tsaya ina kallon masu Keke Napep,
na dawo.
Riɗin Batagarawa na bana kaf,
da ɗan maraƙin da na so in turke.
Uwargida ba ta sani ba tukuna.

Ya murza, ya murza, ya tura jan gaba awa bakwai.

Da Ramlatu ta ji sai dariya:
"Baba, ai wayarka na nunawa kyauta!"
Na sani.
Waya lamba take bugawa ta yi shiru,
lamba kuwa ba ta da ƙafa.
Wannan ina ganin tafiyarsa.
In na fito Asuba, ya wuce tsakar rana,
na san tana neman abin kai wa baki.
In ina bakin gona da hantsi,
yamma ta yi mata, tana haɗa littattafai.
La'asar sakaliya, ya nutse cikin baƙin zobe,
sai in ce wa jikoki su rage hayaniya.

Su dube ni.
In dubi hannuna.
Ai barci take yi.